Murfi Ba Ya Hana Kunu Lalacewa: Martani Kan Shawarar Gangar Turawa

A fitowar da ta gabata wani marubuci ya kawo wa mata masu sana'ar zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi shawarar da ya ce za ta raba su da asara. Ya ba da labarin mutanen Jamus da Ingila da Amurka masu dafa giyarsu a gida, yadda suke tara 'yan gangunan ƙarfe masu cin lita 5 da kamfanoni ke sayar da giya a ciki, su wanke, su sake cika su da tasu, ta yi makonni ba ta sauya ba. A fahimtarsa sirrin duka yana ga murfi: muddin iska ba ta shiga ba, abin da ke ciki ba zai lalace ba. Daga nan ya kira matanmu da su nemi irin waɗannan ganguna a wurin 'yan gwangwan, in ba su samu ba su nemi jarka mai murfi mai ƙarfi, su cika ta fal, su ɗaure tamau, su ajiye a ɗaka. A cewarsa tukunya ɗaya za ta kai su mako guda, babu firji, babu ƙanƙara, babu hura wuta kullum.

Malam, niyyarka mai kyau ce, kuma ciwon da ka taɓo na gaske ne. Duk wanda ya san gidan da ake wannan sana'a ya san ɓacin ran da ke cikin zubar da kunun da ya kwana, bayan an sayi aya da dabino da sukari da tsada, an biya kuɗin niƙa, an sayi ƙanƙara, wutar lantarki kuma ta ƙi zuwa. Ban ga laifinka ba don ka ɗauko darasi daga masu dafa giya, tunda ka faɗa da bakinka cewa dabarar ajiya kake nema, kuma ilimi ana ɗaukarsa duk inda aka same shi. Sake amfani da mazubi ma abin yabo ne a garuruwan da robobi suka toshe magudanan ruwa. Inda muka rabu shi ne a kan abin da ke tsare giyar nan a cikin ganga. Ka ba murfi ladan aikin da wasu abubuwa suka yi, kuma matar da ta bi maganarka za ta yi asarar da ta fi ta yanzu, wataƙila har ta cutar da masu saye.

Mu fara da abin da Bajamushen yake zubawa a gangar. Kafin ya kai ga murfi, ya tafasa ruwan tsiron sha'ir na kusan awa guda, wanda ya kashe ƙwayoyin da ke ciki. Ya zuba furen wani tsiro mai yaɗo mai ɗaci da suke kira hof, wanda ke hana ƙwayoyin bakteriya da yawa yaɗuwa. Ya sa yis ɗin da ya zaɓa da kansa, ya bar ruwan mako ɗaya ko biyu a mazubin da ke da kafar fitar iska, har yis ya cinye kusan duk sukarin da zai iya ci. Abin da ya rage ruwa ne mai ɗan tsami, mai barasa kamar kashi 5 cikin 100, cike da iskar kabon, ba shi da wani abincin kirki da ƙwayar cuta za ta rayu a kai. Sannan ya kai gangar firji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi. Tafasa da ɗaci da ƙarewar sukari da barasa da sanyi su ne masu gadin. Murfi aikinsa biyu ne kawai: ya hana iskar waje shiga ta ɓata ɗanɗano, ya hana ta ciki fita.

Giyar ta gama tafiyarta kafin a rufe ta. Zoɓo da kunu kuwa a bakin hanya suke, da sukarinsu cikakke da yis ɗinsu na daji wanda ya shigo ta mataci da ludayi da ɓawon abarba da hannun mai haɗawa. Yis ba ya buƙatar iskar waje kafin ya yi aiki, hasali ma rashinta ne ke tura shi ga yin barasa. Idan ya ci sukari, kusan rabin nauyinsa yakan zama barasa, rabi ya zama iskar kabon. Masu dafa giya sun san ƙarfin wannan iska, shi ya sa idan za su rufe 'yar gangar lita 5, sukarin da suke ƙarawa don ta yi kumfa ba ya wuce giram 20, ƙasa da abin da suke sa wa kwalabe, domin in ya fi haka gindin gangar kan kumbura ko toshin roba ya yi tsalle. Yanzu a auna da zoɓonmu. In ya yi zaƙi kamar lemon kwalba, to akwai sukari kusan giram 100 a kowace lita, wato rabin kilo a lita 5. Ninki 25 ke nan na abin da Bature ke tsoron wucewa. Da yis zai cinye shi duka, iskar da za ta fito ta haura lita 100. Ko kashi ɗaya cikin goma ya ci, an tara iska fiye da lita 10 a mazubin da ka ce a cika shi fal. A zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi na watan Afrilu, inda ma'auni ke kai digiri 40, wannan aiki ba ya jiran mako. Duk mai sayar da kunu ta san gorar da ta yi tauri kamar dutse da yamma, ta yi tsartuwa in an buɗe. Shawararka ita ce a yi wannan da gangan, a babban mazubi, a cikin ɗakin da yara ke kwana.

Ga kuma ɗaya rabin lissafin, wanda ban ga ka tsaya a kansa ba. Sukari giram 100 a lita, in ya gama rikiɗa, yana ba da barasa kashi 5 zuwa 6 cikin 100, daidai da giyar kwalba. Yawancin masu yin zoɓo da masu shan sa a ƙasar Hausa Musulmi ne, suna sayen sa ne da yaƙinin halal ne, har su yi buɗa-baki da shi. Malamai sun daɗe da sanin wannan haɗari. Ya tabbata a hadisi cewa akan jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dabino ko zabibi a ruwa, ya sha, amma ba a barin jiƙon ya wuce kwana uku. Ya kuma tabbata cewa da farko an hana yin jiƙo a wasu irin mazubai, kamar duma da tulun da aka shafe da kwalta, saboda jiƙon kan yi saurin juyawa a cikinsu ba a ankara ba, daga baya aka sassauta da sharaɗin kada a sha abin da ke sa maye. Ke nan tun wancan zamani an gane cewa ruwa mai zaƙi da aka toshe a ƙasa mai zafi yana da wa'adi. Ganga ta ƙarfe ba ta ɗage wannan wa'adi ba.

Ko waɗanda giyar ce sana'arsu a nahiyarmu ba sa yin abin da ka ce. Mai burkutu a Filato ko kudancin Kaduna da mai fito a arewacin Gana ba sa toshe tukunya, saboda abin da ke ciki yana kan tashi, kuma suna sayar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu kafin ya koma tsami. Mai bammi yana barin bakin jarkarsa a sassauce, kumfa na fita. A kudancin Afirka, kamfanin da ke yin giyar dawa ta Chibuku yakan bar 'yar kafa a saman kwalinta don iska ta samu hanya. Kunun zaƙi ɗan gidansu ne ta wannan fuska: an dama wani kaso na ƙullun gero ko dawa da tafasasshen ruwa, an haɗa da ɗanyen da ya rage, an bar shi ya kwana, don haka rayayyen abu ne da ke ci gaba da tsami ko an so ko an ƙi.

Kunun aya ya fi su duka ban tsoro. Zoɓo yana da tsami mai ƙarfi da ke hana yawancin ƙwayoyin cuta sakewa, ko da yake yis da fumfuna ba su damu da shi ba. Kunun aya ba shi da wannan kariya. Ba a tafasa shi, ba shi da tsami, ga mai, ga sitaci, ga zaƙin dabino da kwakwa, kusan kamar ɗanyar madara. A irin wannan ruwa, cikin ɗumi, ƙwayar cuta ɗaya kan iya zama biyu cikin minti 20. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka tsakanin digiri 5 da 60 a matsayin inda ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa, kuma ɗakin da ka ce a ajiye jarka yana tsakiyar wannan iyaka. Mutanen Balensiya a ƙasar Sifen, waɗanda su ma suna noman aya suna yin kununta tun ƙarnoni, ɗanyen nasu kwana biyu zuwa uku yake yi a cikin firji. Ba sa tafasa shi, domin da zafi ya wuce kimanin digiri 70 sitacin ayar sai ya kama ya yi kauri. Mutanen da wuta ba ta ɗauke musu ba su kai mako ba, ina ga jarka a ƙuryar ɗaki?

Sau da yawa tsami da wari ne za su riga, a gane a zubar, kuma wannan ita ce sa'a. Rashin sa'ar shi ne akwai ƙwayar cutar da ta fi son inda babu iska kuma babu tsami, wadda gubarta ke shanye jiki har ta tsayar da numfashi. Likitoci na kiran cutar botulizim, kuma masana abinci sun sa mata iyaka a 4.6 bisa ma'aunin tsami: abin da tsaminsa bai kai nan ba, ba a toshe shi a ajiye a zafin ɗaki. A 2006 wasu mutane a Amurka da Kanada jikinsu ya shanye bayan sun sha ruwan karas na kwalba, wanda shi ma marar tsami ne da ba ya zama lafiya sai cikin sanyi. Rashin iskar da kake yabo shi ne abin da wannan ƙwaya ke nema.

Sai ita gangar kanta. Waɗannan 'yan gangunan lita 5 an ƙera su ne don amfani sau ɗaya. Siririn ƙarfe ne irin na gwangwani, an shafe cikinsa da wani fenti mai kare abin sha daga ƙarfen. Masu sake amfani da su a Turai sun san da fentin ya karce tsatsa ta shigo, giya ta ɗauki ɗanɗanon ƙarfe, sai a jefar. Ba sa saka buroshi mai kaushi, suna jiƙa su da sinadaran wanki da na kashe ƙwayoyi da aka yi don wannan aiki, su kife su bushe sarai. Bakin gangar ƙarami ne, hannu ba ya shiga, ido ba ya ganin lungunanta. Gangar da ta biyo ta bola, ta sha rana da ruwan sama da jifa, wa zai ba da shaidar cikinta? Tsamin zoɓo ya fi na giya nesa, kuma da ya samu karce zai fara cin ƙarfen. Ɗigon kunu kuma yana kwanciya a gindi ya manne.

Akwai kuma abin da labarinka ya tsallake. Da zarar an buɗe famfon irin wannan ganga aka bar iskar waje ta maye gurbin abin da aka zuba, giyar ma kwana ɗaya ko biyu take yi ta salance. Masu son ta daɗe sai sun sayi famfo na musamman da 'yan tulunan iskar kabon masu giram 16, suna canzawa. Gangar da kamfanin Heineken ya fito da ita a 2005, wadda ke kai kwana 30 bayan buɗewa, da ma'ajiyar iskarta aka ƙera ta a ciki. Waɗanda suka daɗe a harkar galibi sukan koma ga manyan gangunan Cornelius masu lita 19, na ƙarfen da ba ya tsatsa, masu faɗin baki, waɗanda kamfanonin lemo suka daina amfani da su, su haɗa da tukunyar gas da ma'aunin matsi da firji. Wannan arha ce ga mai albashin Turai. Mai kunu kuwa buɗe mazubinta take yi duk sa'ad da yaro ya zo da naira ɗari. An yi wa rogo kallon kitse.

Jarka ma ba ta kuɓuta ba. Ta man gyaɗa tana riƙe maiƙo a kusurwoyinta, wanda ke ɓoye datti. Wadda ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur ko wani sinadari ba ta komawa ta abinci har abada, komai yawan wanki, kuma mai saye a kasuwa ba ya sanin tarihinta. Gorunan ruwa da yara ke tsintowa ba sa jure tafasasshen ruwa, suna lanƙwashewa tun zafi bai kai ga tafasa ba, don haka hanya mafi sauƙi ta kashe ƙwayoyi a rufe take gare su.

Tarihin adana abinci ma bai goyi bayanka ba. Nicolas Appert, Bafaranshen da ya wallafa hanyar adana abinci a kwalba a 1810, toshewa yake yi sannan ya dafa kwalaben a tafasasshen ruwa. Louis Pasteur ya zo daga baya ya bayyana dalili, har ya rubuta littafi sukutum kan giya a 1876: ƙananan halittu ne ke lalata abin sha, zafi ke kashe su, murfi kuma ya hana sababbi shiga. Wanda ya rufe bai kashe na ciki ba ya kulle su ne tare da abincinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne matakin da zai biyo baya. Matar da ta gwada shawararka ta ga jarka ta kumbura, wani zai ce mata ai akwai garin da ake sawa ya hana. A 2021 a Kano ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti, wasu sun rasu, bayan shan abin sha da aka haɗa da garin da aka sayar da sunan ɗan tsami, hukumar NAFDAC kuma ta gano wani sinadari ne daban. Duk maganar da ke sa wa mutane rai cewa abin sha na gida zai yi mako babu sanyi tana tura su wurin masu awon gari marar suna.

To mece ce mafita ga mai ƙaramin jari? Ta farko, a adana kayan a bushe. Busasshen zoɓo da aya da citta da kanumfari suna watanni lafiya a wuri marar laima, sai an haɗa su da ruwa da sukari agogo ke fara bugawa. A auna cinikin jiya a yi na yau. Kunun aya da kunun zaƙi na yini ɗaya ne in babu firiza, a sa su cikin kula da ƙanƙara tun daga tacewa, kada ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba ta shiga cikin kunun kansa.

Ta biyu, zoɓo yana karɓar dabarar Appert saboda tsaminsa. A dafa shi da kauri tare da citta da kanumfari, ba sukari, ba kanwa, domin kanwar da wasu ke sawa don kashe tsami tana rage masa kariya. A tafasa kwalaben gilashi masu murfin ƙarfe mai kyau, a zuba shi da zafinsa, a rufe, a mayar da su tukunyar ruwa su tafasa kamar minti 20. Kowace safiya a buɗe kwalba ɗaya, a sirka da tafasasshen ruwan da ya huce, a sa sukari da abarba a lokacin. An rage itace, an rage wahala, kuma ƙananan kwalabe da yawa sun fi babban mazubi ɗaya, tunda wadda aka buɗe ce kawai ta haɗu da iska. Kwalbar da murfinta ya kumbura ko aka ga fumfuna a samanta, a zubar ba tare da ɗanɗanawa ba.

Ta uku, gorunan sayarwa su fito daga inda aka sani, gidan biki ko masu saye su dawo da su. A wanke da sabulu da buroshin kwalba, a jiƙa na 'yan mintoci a ruwan da aka sa cokali ɗaya na bilic marar ƙamshi a lita 4, a ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce, a kife su bushe. Murafe ma haka, domin a zarensu datti ke maƙalewa.

Ta huɗu, sanyi. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, tana sauke zafi sosai a lokacin rani, tana sa ƙanƙara ta daɗe, amma ba ta kai sanyin firji, sa'o'i take ƙarawa. Mata biyar ko goma a unguwa ɗaya za su iya yin adashi su sayi firiza mai aiki da hasken rana, kuma a nan ne ya kamata masu rabon tallafi da 'yan siyasa su zuba kuɗi in da gaske suke.

Malam, alƙalaminka yana da masu saurare, kuma cikin waɗanda za su gwada maganarka akwai zawarawa da iyayen marayu da jarinsu bai wuce kuɗin kwano biyu na aya ba. Ina roƙonka ka dawo wannan shafi ka janye batun mako guda babu sanyi, ka gaya musu cewa tsabta da zafi da sanyi da auna ciniki su ne ke tsare abin sha. In ka yi haka kafin azumi, lokacin da kowane gida ke jiƙa aya da zoɓo, za ka tsare jarin mata da yawa da lafiyar 'ya'yan mutane. Allah Ya sa mu dace.